Tafinta Tsakanin Na'urori: Tarihin Kwaikwayon Tsofaffin Wasannin Bidiyo

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1086 Sarki Wiliyam na Ingila ya sa aka ƙidaya gonaki da dabbobi da sauran dukiyar ƙasarsa, aka rubuta sakamakon a kan fata cikin harshen Latin. Wannan kundi, wanda ake kira Domesday, yana nan har yau, kuma duk wanda ya naƙalci Latin na wancan zamani yana iya karanta shi. Da kundin ya cika shekara 900, wato a 1986, sai BBC ta shirya wani sabo mai ɗauke da hotuna da taswirori da bayanan da 'yan makaranta suka tattaro, aka zuba shi a kan manyan faya-fayan leza guda biyu. Ba a yi shekara ashirin ba na'urar da ke karanta faya-fayan ta yi wuyar samu. Sai a 2002 masana daga Jami'ar Leeds da ta Michigan suka kammala wata manhaja mai kwaikwayon tsohuwar kwamfutar, sannan aka sake ganin abin da ke ciki.

Babu fagen da wannan matsala ta fi addaba kamar na wasannin bidiyo. Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin hanyoyin da aka bi domin tsohon wasa ya ci gaba da aiki bayan na'urarsa ta bar kasuwa. Ra'ayin da takardar ta ginu a kai shi ne, wasan bidiyo matani ne da aka rubuta domin mai karatu guda ɗaya tak, wato na'urar da aka yi shi dominta. In ta mutu, dole a nemi tafinta, kuma rigimar da aka shafe shekaru sama da arba'in ana yi ita ce ta wanda ke da ikon yin tafintan.

Za a yi amfani da kalmar kwaikwayo a ma'anar sa wata na'ura ta yi aiki tamkar wata, ba a ma'anar wasan kwaikwayo na dandamali da manazarta adabi suka sani ba. Manhajar da ke yin wannan aiki za a kira ta makwaikwayi. Ikon sabuwar na'ura na karɓar wasannin wadda ta gada kuwa, za a kira shi jituwa da na baya.

2.0 Harshen Na'ura

Kowace na'urar wasa tana da ƙwaƙwalwa, wato ƙwayar lantarkin da ke karɓar umurni ta aiwatar. Umurnin nan jerin lambobi ne, kuma kowane dangin ƙwaƙwalwa yana da ma'anar da ya ba kowace lamba. Alal misali, lamba 169 a wurin ƙwaƙwalwar 6502, wadda danginta ke cikin Famicom ta kamfanin Nintendo (1983), tana nufin a ɗauki lambar da ke biye a ajiye. A wurin ƙwaƙwalwar Z80 ta Master System ta kamfanin Sega kuwa, wannan lamba tana nufin a yi wani lissafi da abin da ke cikin ma'ajiyai biyu. Abin ya yi kama da kalmar ni, wadda ke nufin mai magana a Hausa amma take yin wani aiki daban a jimlar Yarbanci. Baya ga ƙwaƙwalwa akwai ƙwayar zane da ta sauti, kowace da nata ƙa'idoji da nata lokacin amsawa.

Ba masu wasa ne suka fara neman mafita ba. Lokacin da kamfanin IBM ya fito da jerin kwamfutocinsa na System/360 a 1964, bankuna da kamfanonin inshora sun riga sun kashe kuɗi masu yawa wajen rubuta manhajoji domin tsofaffi irin su 1401. Don kada su guji sabuwar, sai injiniyoyin kamfanin suka tanadi hanyar da za ta riƙa karɓar umurnin tsohuwar. Ga ɗaya daga cikinsu, Larry Moss, ake danganta fara amfani da kalmar Ingilishi ta kwaikwayo a wannan ma'ana. Ke nan tun daga tushe, abin da ya haifi fasahar shi ne tsoron rasa mai saye.

3.0 Tsohuwa a Cikin Sabuwa

Hanya ta farko da kamfanonin wasa suka bi ba ta buƙaci tafinta ba, domin tsohuwar na'urar suka riƙa dasawa a cikin sabuwa. Abin mamaki, abokin hamayya ne ya fara. A 1982 kamfanin Coleco ya sayar da wani akwati da ake maƙala wa ColecoVision domin ta karɓi kaset ɗin Atari 2600, alhali sabuwar na'urar Atari ɗin kanta, wato 5200, ba ta karɓarsu. Atari ya kai ƙara, daga baya aka sasanta a kan Coleco ya riƙa biyan wani kaso. Darasin ya shiga, domin Atari 7800 da ta bazu a kasuwa a 1986 tana karɓar kaset ɗin 2600 kai tsaye.

Sega ya yi dabarar da ta fi wannan. Mega Drive ta 1988 tana aiki da ƙwaƙwalwar Motorola 68000, amma an bar Z80 a ciki aka ba ta kula da sauti. Da zarar an saka tsohon kaset ta hanyar wani mahaɗi, sai Z80 ta karɓi ragama, kamar dattijon da ya sauka daga shugabancin gida amma ake kiransa duk ranar da baƙi daga ƙauyensu suka zo. Sony ya maimaita dabarar a PlayStation 2 (2000), inda ƙwaƙwalwar PlayStation ta farko (1994) ta koma mai kula da shige da ficen bayanai. Nintendo kuwa ya kasa tsayawa a kan ra'ayi ɗaya: Super Famicom ta 1990 ba ta karɓar kaset ɗin Famicom, amma dangin Game Boy sun riƙe zumunci tun daga 1989 har zuwa Game Boy Advance ta 2001.

PlayStation 3 ce ta nuna iyakar wannan hanya. Samfuran farko na 2006 suna ɗauke da manyan ƙwayoyi biyu na PlayStation 2, kuma babban cikinsu ya kai dala 599 a Amurka. Da aka kai na'urar Turai a watan Maris na 2007 an cire ƙwaya ɗaya an maye gurbinta da manhaja, kafin ƙarshen shekarar kuma aka fito da samfurin da ba ya karɓar faifan PlayStation 2 ko kaɗan. Mutum biyu na iya mallakar na'ura mai suna ɗaya, ta ɗaya ta karanta tsohon faifai, ta ɗayan ta ƙi.

4.0 Masu Sha'awa da Matsalar Fassara

A tsakiyar shekarun 1990 abubuwa biyu suka haɗu: kwamfutar gida ta yi ƙarfin da za ta iya ɗaukar nauyin wata na'ura, intanet kuma ta sada mutanen da ba su taɓa ganin juna ba. Marat Fayzullin ya fito da iNES a 1996. A 1997 aka sami NESticle da Snes9x da ZSNES, kuma a watan Fabrairu na shekarar wani Ba'italiye, Nicola Salmoria, ya fito da MAME domin manyan akwatunan wasa na gidajen shaƙatawa. Masu MAME sun bayyana tun da wuri cewa burinsu shi ne adana bayanin yadda na'urorin ke aiki, buga wasan kuwa riba ce da ta biyo baya.

Ya kamata a lura da yanayin da suka yi aikin. Kamfanoni ba su ba su takardun bayani ba. Sun yi ne irin na mai nazarin harshen da ba a taɓa rubuta nahawunsa ba: a ba ƙwaya umurni, a dubi amsarta, a sauya abu ɗaya, a sake dubawa, har ƙa'ida ta bayyana. Wasannin kansu kuma ana kwafo su ne daga cikin kaset zuwa fayil da wata na'urar karatu.

Daga nan sai tsohuwar muhawarar masu fassara ta taso cikin sabuwar riga. Makwaikwayi mafi sauƙi yana aiki ne kamar tafintan kotu, ya ɗauki umurni ɗaya ya juya, ya ɗauki na biye, ko da an maimaita umurnin sau dubu. Wani kuma yakan juya sashe guda ya ajiye, in an dawo kansa sai ya ɗauko fassarar da ya riga ya yi, wannan kuwa ya fi sauri nesa ba kusa ba. A watan Janairu na 1999 UltraHLE ya zo da hanya ta uku. Maimakon bin kowace ƙwaya ta Nintendo 64, sai ya riƙa gane abin da wasan ke nufin yi ya samar da shi ta hanyarsa, wato fassarar ma'ana ke nan. Da haka aka ga Super Mario 64 a kan kwamfuta tun na'urar ba ta cika shekara uku a kasuwa ba. Sai dai wasanni kaɗan ne suka yi aiki, domin duk wanda ya kauce wa salon da aka saba, makwaikwayin ba ya gane shi.

Wanda ya tsaya a ɗaya gefen shi ne marubucin bsnes, wanda aka sani da laƙabin byuu, daga baya Near. Tun daga 2004 ya dage a kan bin Super Famicom daki-daki, kowace ƙwaya a daidai lokacinta. Ƙwaƙwalwar na'urar ba ta wuce bugu miliyan 3.58 a daƙiƙa ba, amma a 2011 ya yi bayanin cewa kwaikwayonta da gaskiya yana buƙatar kwamfuta mai bugu kusan biliyan 3. Daga misalan da ya kawo akwai wasan Air Strike Patrol, inda inuwar jirgi ke bayyana a ƙasa domin mai wasa ya san inda bam zai faɗa. An zana inuwar ne ta hanyar sauya hasken allo a tsakiyar layi, don haka makwaikwayan da ke aiki layi-layi ba su nuna ta ba. Shekaru mutane suna buga wasan a haka, suna ganin wahalarsa, ba su san an bar wani abu a baya ba. A tamu fahimtar, wannan shi ne haɗarin kowace fassara mai santsi, domin mai karatu ba shi da hanyar gane gurbin abin da aka tsallake. Near ya rasu a 2021, amma aikinsa ya zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

Akwai kuma abin da ba ya fassaruwa ko yaya aka yi. Bindigar wasan Duck Hunt (1984) ta dogara ne da saurin da tsohuwar talabijin mai ƙwan gilashi ke nuna hoto, don haka ba ta aiki da shafaffen allo na yanzu. An yi wasan ne domin na'ura da talabijin da ɗakin da ake zaune, makwaikwayi kuwa na farkon kaɗai yake iya mayarwa.

5.0 A Gaban Alƙali

A 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayyar Amurka ta yanke hukunci tsakanin Sega da Accolade cewa warware manhajar wani domin gane yadda za a jitu da ita halal ne a dokar haƙƙin mallaka. A kan wannan tushe aka yi shari'ar Sony da Connectix, kamfanin da ya fito da Virtual Game Station a 1999 domin buga faifan PlayStation a kan kwamfutar Macintosh. A watan Fabrairu na 2000 kotun ta ba Connectix gaskiya. Wani ƙaramin kamfani, Bleem, shi ma ya yi ta samun nasara a kan Sony. Amma a 2001 Sony ya saye manhajar Connectix ya janye ta daga kasuwa, Bleem kuma ya rufe a ƙarshen shekarar bayan kuɗin lauyoyi sun cinye shi. Hukuncin ya tsaya, waɗanda suka samo shi ne ba su tsaya ba.

Abin da kotu ta halatta shi ne rubuta makwaikwayi, ba rarraba kwafin wasanni ba. Sannan wata dokar Amurka ta 1998 ta haramta karya makullin da aka sa wa manhaja. Tsofaffin kaset ba su da irin wannan makulli, amma wasannin zamani a kulle suke zuwa, ta yadda kafin a karanta su sai an buɗe. Ta wannan ƙofa Nintendo ya shiga a watan Fabrairu na 2024 lokacin da ya kai ƙarar masu Yuzu, makwaikwayin Switch. Cikin kwanaki suka amince su biya dala miliyan 2.4 su rufe, Ryujinx kuma ya bi sahu a watan Oktoba. Gaskiya ne cewa Switch tana kasuwa a lokacin, kuma da yawa sun yi amfani da Yuzu ne domin kauce wa saye. Sai dai tunda sulhu aka yi, babu alƙalin da ya fayyace matsayin mai buɗe wasan da na'urarsa ta daɗe da mutuwa.

6.0 Kamfanoni Sun Ɗauki Tafinta

Yayin da ake wannan shari'a, kamfanonin da kansu sun gane cewa tsohon wasa haja ce. Nintendo ya buɗe Virtual Console tare da Wii a 2006, yana sayar da wasannin baya ɗaya-ɗaya ta intanet, kowane da makwaikwayinsa. Microsoft ya yi aikin da ya fi kowane wahala: Xbox 360 (2005) da Xbox One (2013) ba dangin ƙwaƙwalwa ɗaya ba ne, duk da haka a watan Nuwamba na 2015 aka fara da wasanni 104 na tsohuwar a kan sabuwar. A watan Nuwamba na 2021 kamfanin ya sanar da rukuni na ƙarshe, ya ce matsalolin lasisi da doka da fasaha sun hana ci gaba. Sau da yawa waƙar da ke cikin wasa ko motar da aka zana ko sunan ɗan ƙwallo lasisinsu na 'yan shekaru ne, wani lokaci ma kamfanin da ya yi wasan ya rushe.

Sony kuwa, a 2018 ya fito da PlayStation Classic, ƙaramar na'ura mai wasanni 20. Da masu saye suka duba sai suka tarar makwaikwayin da ke ciki PCSX ReARMed ne, aikin masu sha'awa na kyauta, alhali kamfanin ya yaƙi makwaikwayan PlayStation a 1999. Tara daga cikin wasannin kuma samfurin Turai ne mai hoto 50 a daƙiƙa, wanda ya fi na Amurka da Japan mai 60 nauyin tafiya.

Jituwar da ake gani a na'urorin 2020 ba ta buƙaci irin wannan wahala ba. PlayStation 5 tana karɓar kusan dukkan wasannin PlayStation 4, Xbox Series ma haka take da Xbox One, saboda duka ƙwaƙwalensu na kamfanin AMD ne, dangi ɗaya, bambancinsu bai wuce na karin harshe ba. Wasannin PlayStation 3 kuwa, saboda baƙuwar ƙwaƙwalwarta mai suna Cell, tsarin da Sony ya fito da shi a 2022 yana aiko su ne daga nesa ta intanet. Switch 2 ta Yuni 2025 tana juya umurnin wasannin Switch ne a yayin da ake buga su.

A nan gida, da yawa daga cikin waɗanda suka buga Super Mario a shekarun 1990 sun buga shi ne a kan jabun Famicom da aka shigo da su daga Asiya, da kaset mai alƙawarin dubban wasanni alhali 'yan kaɗan ne ake maimaitawa. Ƙannensu kuma sun san wasannin PSP ta hanyar PPSSPP, makwaikwayin da Henrik Rydgård ya fara a 2012, a kan wayar hannu. Inda kamfani bai buɗe shago ba, ta hannun mai kwafi da tafinta kayansa suka iso.

7.0 Abin da Aka Fassara da Abin da Ya Ɓace

Kwaikwayo ya buɗe wata ƙofa da ta shafi manazarta harshe kai tsaye. Tunda wasa ya zama fayil, ana iya shiga cikinsa a sauya rubutun. Wata ƙungiyar masu sha'awa mai suna RPGe ta kammala juya Final Fantasy V daga Japananci zuwa Ingilishi a 1998, kafin kamfanin ya fito da tasa fassarar a 1999. Mother 3 na 2006 kuwa, ƙungiyar da Clyde Mandelin ya yi wa aikin fassara ta fito da shi da Ingilishi a watan Oktoba na 2008. Aikin ya wuce sanin harsuna biyu. Haruffan tsofaffin wasanni zane ne a cikin ƙananan murabba'ai, galibi ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, kuma gurbin da aka ware wa jimlar Japananci yakan yi wa ta Ingilishi kaɗan, sai an sake rubuta sashen manhajar da ke nuna rubutu. Duk wanda zai juya irin wannan wasa zuwa Hausa sai ya zana ɓ da ɗ da ƙ da hannunsa, mai juyawa zuwa Yarbanci ko Ibo kuma ya nemi inda zai sa ɗigon ƙasa da alamar karin sauti a cikin ɗigo 8 ɗin nan.

Sai dai makwaikwayi ba ya karanta abin da babu. Daga 1995 zuwa 2000 an riƙa watsa wasanni ga masu Super Famicom a Japan ta tauraron ɗan'adam, a tsarin Satellaview. Wasu ana buga su ne a ƙayyadadden lokaci, tare da muryoyin 'yan wasa da ake watsawa a daidai sa'ar. Abin da ya tsira shi ne wanda ya saura a kan tsofaffin ma'ajiyai da ba a goge ba, muryoyin kuma sai waɗanda wasu suka naɗa a kaset ɗin bidiyo a gidajensu. Masu nazarin adabin baka sun san irin wannan rashi.

Shagunan intanet ma ba matabbata ba ne. An rufe na Wii a watan Janairu na 2019, na Wii U da 3DS kuma a watan Maris na 2023, tare da wasannin da ba a taɓa buga su a kan faifai ko kaset ba. A shekarar 2023 ɗin, wani bincike da Video Game History Foundation ta gudanar tare da Software Preservation Network ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Ƙungiyoyin biyu sun nemi a ba ɗakunan karatu izinin nuna wa masu bincike irin waɗannan wasanni daga nesa ta hanyar makwaikwayi, kamar yadda ake aika hoton tsohon rubutun hannu ga mai nazari a wata ƙasa. Ƙungiyar kamfanonin wasanni ta yi adawa, tana mai cewa za a mayar da ɗakunan karatu gidajen wasa na kyauta. A watan Oktoba na 2024 Ofishin Haƙƙin Mallaka na Amurka ya ƙi amincewa da buƙatar. Bisa wannan hukunci, ɗalibin da ke Ibadan ko Nsukka ko Zariya wanda ke son nazarin wani wasa na 1985 da ke ajiye a wani ɗakin karatu na Amurka, sai ya nemi biza ya je da ƙafarsa.